Aikin kunne: yadda na ga ana gyaran fiyano

Jama'a masu karatu, kowa cikinku ya san kalmar fiyano. Ana jin ta bakin samari, ana jin kiɗinta cikin radiyo da salula. In an ce fiyano, abin da ke zo muku a rai shi ne ɗan allon nan na roba mai haƙora farare da baƙaƙe, wanda mawaƙan zamani ke jona ma wutar lantarki. Yaro guda na iya saɓa shi a kafaɗa shi kai wurin biki. To, wancan jika ne. Kakan shina nan da ranshi, kuma ba shi shan wuta ko kaɗan. Akwati ne babba na katako da ƙarfe, ƙatti 4 ba su ɗaga shi sai da nishi. Cikinshi akwai tsirkiyoyi na ƙarfe. Goge tsirkiya 1 gare shi, garaya 2, molo 3. Shi kuwa wanga akwati, wajen 230.

Ina so in ba ku labarin mutumin da ke gyaran wanga akwati. Ba don ku sayi fiyano ba, na san ba shi ne damuwarku ba. Abin da na gani wurin mutumin ya shafi wata magana da muke ciki yanzu a garin da nike koyarwa, za ku ji ta in mun kai.

Ba a ƙasarmu anka ƙago fiyano ba. Wani gwanin masassaƙi ne na ƙasar Italiya, sunanshi Bartolomeyo Kiristofori, ya fara ƙera shi a birnin Fulorans, wajen shekara ta 1700. Har yau akwai guda 3 na aikin hannunshi, an aje su gidajen tarihi. Sunan da anka ba abin da harshensu, ma'anarshi "a hankali da kuma da ƙarfi". Dalili, in ka taɓa shi a hankali sai shi yi magana a hankali, in ka doka da ƙarfi sai shi ɗaga murya. Na Kiristofori madannansu ba su kai 60 ba. Na yanzu madannai 88 gare shi, 52 farare, 36 baƙaƙe.

Iri biyu ne. Akwai na tsaye, wanda ake jingina ma bango kamar akwatin tufafi, tsirkiyoyinshi daga sama zuwa ƙasa suke. Shi ne ake samu cikin gidaje da makarantu, don ba shi cin wuri. Akwai na kwance, mai ƙafa 3, mai siffar fiffiken tsuntsu. Babbanshi na kai metir 2 da santimetir 70 har da ɗoriya, nauyinshi na kusan kilo 500. Shi ne na manyan makaɗa.

Wata shekara, cikin hunturu, anka kira mu Yamai, mu malaman yaƙi da jahilci, don ƙarin horo na sati 3. Zauren da muke zama, can lungu, akwai fiyano na tsaye, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Bisa kanshi muke aje butoci da littattafai. In wani ya danna don wasa, sai ka ji kamar an taka wutsiyar kyanwa. Wasu madannan ma in sun shiga ba su dawowa. Masu gidan sun rabu biyu. Wasu na cewa a fasa shi a sayar da ƙarfen ga maƙera, katakon a yi benci. Wasu na cewa a jira, akwai wani tsoho da ke zuwa daga bakin teku lokaci lokaci, shina zagaya gidajen da ke da irin wanga kaya.

Cikin sati na biyu tsohon ya iso. Mutumin Gana ne, gajere, da furfura, da ƴar jaka ta fata wadda ba ta fi ta wanzami ba. Shina jin Hausa irin ta zango, don cikin Hausawa ya tashi. Ya dubi jama'a ya ce shina son mai riƙe mishi fitila, wanda ba shi da surutu. Abokaina sunka yi dariya sunka nuna ni, don sun san malamin yaƙi da jahilci da surutu shike ci. Na ce, "Baba, ni zan riƙe." Ya ce, "To, Malam, in ka iya rufe baki kwana 3, za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba."

Da ya ɗebe allon gaba, ƙura ta tashi ja wur. Ƙasan akwatin ɓeraye sun yi gida da tsumma da ɓawon gujiya. Asu ya ci wurare da yawa. Tsirkiya 2 sun tsinke, sun nannaɗe kamar gashin tunkiya. Tsohon bai ce komi ba. Ya karɓi fitila ya duba babban ƙarfen da ke riƙe da tsirkiyoyin, lungu lungu, shina shafawa da yatsa. Ya jima. Sannan ya miƙe ya ce, "Ƙashin bayanshi lafiya lau. Za shi tashi." Ya ce da wanga ƙarfe ya tsage, da sai shi ɗauki jakarshi shi tafi, maƙera su zo su ɗauka.

Ga dalilin da ya sa ƙarfen ke da muhimmanci haka. Kowace tsirkiya an ja ta da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko 80, kamar a ce ƙato guda ne ke reto jikinta dare da rana. In ka tara na tsirkiyoyin duka, abin na kai tan 18. Ku lissafa da buhun hatsi mai kilo 100: buhu 180 ke nan, cikin akwati guda, shekara da shekaru ba a saukewa. Katako kaɗai ba shi iya wanga dako. Shi ya sa a 1825 wani maƙerin fiyano na Amurka ya fito da dabarar zuba ƙarfe guda ɗungum shi riƙe su.

Yadda abin ke magana kuwa, ga shi. Kowane madanni sanda ce doguwa, rabinta waje inda yatsa ke taɓawa, rabinta ɓoye ciki. In ka danna wanga kai, wancan kai shi tashi, shi tunkuɗa wata ƴar guduma. Kan gudumar ba ƙarfe ba ne, gashin tumaki ne da anka danne ya yi tauri. Gudumar ta doki tsirkiya, tsirkiya ta yi rawa. Amma tsirkiya ita kaɗai muryarta ƙarama ce. Sai an ɗora ta bisa jaki, kamar dai jakin goge, shi kuma jakin shina manne da wani faffaɗan allo mai kauri kamar ɗan yatsa. Wanga allo shi ke yin aikin da ƙwarya da fata ke yi ga goge, shi ke ba amo girma. In ka ɗaga yatsa, wani ɗan matashi mai taushi shi koma bisa tsirkiyar shi kashe amon.

Na tambaye shi mi ke ɓata fiyano in ba a taɓa shi. Ya nuna taga ya ce, "Iskarku." Katako na shan raɓa kamar yadda shike amayar da ita. Da damina allon nan shi kumbura, shi tura tsirkiyoyi, murya ta hau. Da hunturu shi bushe shi janye, murya ta faɗi. Kun ga ya saɓa ma ganga, wadda fatarta ke saki da damina, ta yi tauri in an shanya ta ga rana. Fiyano na son iska mai laima tsaka-tsaki, kamar kashi 45 cikin 100. Mu kuwa nan, cikin watan Agusta laima na wuce 70, cikin Fabrairu da Maris ta sauka ƙasa ga 20. Kowace shekara akwatin na kumbura shina tsukewa. Ya ce a ƙasarsu tsatsa ce abokiyar gaba, a ƙasarmu fari ne.

Farin nan ya yi wata ɓarna da ta fi komi ba shi aiki. Kowace tsirkiya an naɗe kanta jikin wani ɗan turke na ƙarfe mai kaurin alƙalami. Turakun an kafa su cikin katako mai tauri, matsi kaɗai ke riƙe su. Manoma kun san yadda ruwan hauya ke girgiɗi cikin ƙota da rani. Haka wasu turakun sunka yi. In ya murɗa, da ya saki sai su koma baya. Na ce, "Baba, mu in ƙota ta saki, ruwa muke jiƙa ta." Ya ce, "Kai da hauyarka. Nan in ka sa ruwa, ka kashe shi da tsatsa." Wasu ya ɗan ƙara buga su ciki da guduma, a hankali. Waɗanda sunka ƙi, ya zare su ya kafa masu ɗan kauri da ya zo da su cikin jaka.

Ranar farko duk shara da ɗinki ce. Ya zaro jerin gudumomin gaba ɗaya ya aza bisa tebur. Kawunansu duk tsirkiya ta yi musu zane, sun baje. Ya bi su ɗaya ɗaya da takarda mai yashi, har kowace ta koma siffar ƙwai. Wadda ta yi tauri ƙwarai, amonta na tsinin kunne, sai shi soka mata allura sau kaɗan don ta yi laushi. Inda asu ya ci, ya yanka sabon ƙyalle ya manna da danƙon fata, irin wanda ake narkawa bisa wuta. Tsirkiyoyin da sunka tsinke ya gwada kaurinsu da wani ɗan ma'auni, don ba kauri guda gare su ba, ya yanko daidai su daga naɗin waya. Farare 3 daga cikin madannan fuskarsu ta ɓalle. Ya ce na da can da hauren giwa ake yi. A 1989 ƙasashen duniya sunka hana cinikin haure tsakaninsu, kuma tun kafin nan ma masu ƙira sun koma ga roba. Roba ya manna.

Rana ta biyu ita ce ta daidaita tafiyar kayan ciki. Nan na ga haƙuri. Madannai 88 sai sun tsaya kai ɗaya, kamar sahun salla. Wanda ya yi ƙasa, sai shi ɗaga shi, shi sa mishi ɗan zoben takarda ƙarƙashi. Wani zoben bai fi kaurin takardar da kuke karantawa ba. Kowane madanni in an danna, santimetir 1 za shi nutse, ba ƙari ba ragi. Sai babbar magana: abin da ke tura guduma dole shi sake ta tun ba ta kai ga tsirkiya ba, saura kamar milimetir 3. Sauran tafiyar ita kaɗai take yi, ta doka ta dawo. Ya ce mini, "Ka taɓa ganin makaɗin kalangu ya doka ya bar makaɗi manne ga fata?" Na ce a'a, ai amon mutuwa za shi yi. Ya ce, "To, shi ke nan." Kowane madanni da ƴar kusarshi mai murɗi ta wanga aiki. Sau 88 ya duƙa, sau 88 na matso da fitila.

Rana ta uku ya ce a rufe tagogi, a kashe fanka, a roƙi masu dakan maƙwabta su dakata in da hali. Ya fiddo wani ɗan ƙarfe mai ƙafa 2 kamar gwafa. Ya buga shi ga gwiwa, ya kafa gindin ga katako. Sai wani siririn amo ya fito, tsaf, ba ya hawa ba ya sauka. Wani mai busa na Ingila, Jon Sho, shi ya ƙago wanga ƙarfe a 1711. Na tsohon shina rawa sau 440 cikin sakan guda. Da can kowane gari da nashi ma'auni, kamar yadda tiyar wata kasuwa ta fi ta wata. Faransa ta tsaida 435 a 1859. Sai a 1939 anka yi taro a London anka shirya bisa 440. Daga wanga amo guda ake gina sauran duka. Tsirkiya mafi kauri ta hannun hagu, wadda anka naɗe da jan ƙarfe, rawarta ba ta kai 28 ba cikin sakan. Ta ƙarshen dama, ƴar gajera, ta wuce 4,000.

Yawancin madannai tsirkiya 3 gare su, guduma guda ke dukansu tare. Sai su ukun sun zama baki ɗaya. Sai shi cusa ɗan tsinin roba shi toshe biyu, shi gyara guda. Sannan shi buɗe ta biyu. Ya ce, "Malam, kawo kunne." Na kawo. Da farko ban ji komi ba sai ƙara. Can sai na ji wani abu cikin amon shina cewa wau, wau, wau, da sauri. Ya ce, "Faɗa suke yi. Ɗaya ta fi ɗaya sauri." Ya aza maƙullinshi bisa turke, ya ɗan motsa, motsin da ido ba shi gani. Sai wau wau ɗin ya rage sauri. Ya ƙara. Ya koma kamar numfashin mai barci. Ya ƙara kaɗan, sai ya ɓace, amon ya miƙe sumul kamar ruwan randa. Tsikar jikina ta tashi. Daga nan sai ya doki madannin da ƙarfi har sau 3. Na ce ko fushi ya yi. Ya ce, "In ka ɗaure ma jaki kaya, ba ka girgizawa ka gani kafin ku kama hanya?"

Bai ja su sau ɗaya ba. Fiyanon ya faɗi ƙwarai, kuma in ka ja na dama, nauyi ya ƙaru bisa allo, na hagu su saki. Sai da ya bi su duka sama sama, ya sha shayi, sannan ya sake bi a natse. Mai lafiya, wanda ake dubawa sau 1 ko 2 a shekara, awa 2 ta ishe shi. Wanga ya ci yini.

Akwai wani abu da ya gaya mini wanda har yau nike juya shi. In ka fara daga wani madanni ka ƙirga 12 zuwa dama, da farare da baƙaƙe, za ka tarar da amon farko ya dawo, sai dai siriri, kamar uba da ɗanshi suna waƙa guda. Rawarshi ta ninka: 220, 440, 880. Wanga sai an daidaita shi tsaf. Akwai kuma wasu amo biyu da ke jituwa ƙwarai, in ɗaya ya yi rawa 2 ɗayan shi yi 3. Kunne na son a daidaita su tsaf su ma. Amma in ka bi su haka ɗaya bayan ɗaya har sau 12, ka zagayo inda ka fara, sai ka tarar ka wuce wuri da kaɗan. Ba laifin mai gyara ba ne, haka lissafin shike. Kamar mutum ne za shi kewaye gida da zana 12, ya zo ƙarshe ya ga ta ƙarshe ta haura ta farko da taƙi guda. Ko shi bar ƙarin nan wuri ɗaya shi yi muni, ko shi koma shi ɗan shigar da kowace zana kaɗan kaɗan har da'ira ta rufe. Masu gyaran fiyano ta biyu suke bi. Kowace jituwa ana rage mata ɗan abin da ba a lura. Don haka a nan ba kashe wau wau ɗin shike ba, barinshi shike shina tafiya a hankali, shina ƙirga shi da kunne. Yanzu akwai na'ura, har cikin salula, mai nuna ma mutum ko ya kai. Tsohon ya san da ita. Ya ce tana da amfani, amma ba ta riƙe maƙulli.

Da la'asar ya zauna ya kaɗa. Waɗanda sunka ce a kira maƙera suna tsaye bakin ƙofa, ba wanda ya sake tada maganar. Ya bar musu wasiyya: a raba shi da taga da bangon da rana ke duka, a aje tukunyar ruwa cikin ɗakin da hunturu, a riƙa duba gara da ɓera. Kashegari ya tafi da ni wani gida inda ke da na kwance. Aikin kusan guda ne. Bambancin, gudumomin daga ƙasa suke dukan tsirkiya, nauyinsu ke maido su, shi ya sa sun fi saurin maimaitawa. Wani Bafaranshe, Erar, ya ƙara musu dabarar saurin nan a 1821.

Kan hanya na ce mishi, wanga aiki sai mai baiwa. Ya ce, "Ku Hausawa ne za ku ce haka?" Ya yi gaskiya. Ku faɗi kuka na hawaye, ku faɗi kuka ta miya. Ku faɗi wuya mai ɗaukar kai, ku faɗi wuya ta wahala. Haruffa guda ne, mu ma cikin aji sai mun dubi sauran maganar muke ganewa. Amma yaro ɗan shekara 3 ba shi ruɗewa in an faɗa, don hawan murya da saukarta shike ji. Da wanga ne kalangu ke kiran sunan mutum cikin taro har shi waiwayo. Kunnen muna da shi tun daga goyo. Sannan tsohon ya ƙara da cewa, a Turai da yawa daga masu wagga sana'a makafi ne. Ya ce fitilar da na riƙe ta kwana 2 na farko ce, rana ta uku don kar in ji ba ni da amfani ne ya bar ni da ita.

Da na koma na bi labarin cikin littattafai. Wanda ya buɗe ma makafi wagga ƙofa sunanshi Kulod Montal. An haife shi a Faransa a 1800, ciwo ya ɗauke mishi gani tun shina ƙaramin yaro. A 1817 ya shiga lakkol ta makafi a Paris. Fiyanon lakkol ɗin kullum a ɓace suke. Shi da wani abokinshi sunka fara taɓa su, anka hana, anka kulle. Sai sunka samo wani tsohon fiyano da ya mutu, sunka warware shi gaɓa gaɓa da lalube, sunka gyara, sunka maida, ya yi magana. A 1830 Montal ya fita neman abinci da sana'ar. Mutane sunka ƙi ba makaho kayansu masu tsada. Sai da ya daidaita ma wani babban malamin kiɗa fiyano 2 da sunka gagari masu ido, sannan ƙofofi sunka buɗe. A 1836 ya fitar da littafi kan gyaran fiyano, wanda masu ido sunka yi ta koyo daga ciki. Ya kafa masaƙerar fiyano tashi ta kanshi, gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma a 1851. Ya rasu a 1865. Bayanshi makarantun makafi na ƙasashe da yawa sunka sa wagga sana'a cikin abin da suke koyarwa.

Cikin lakkol ɗin nan, lokaci guda da shi, akwai wani yaro, Luwi Biray, ɗan baduku. An haife shi a 1809. Shina ɗan shekara 3 ya soki idonshi da kayan aikin ubanshi, ciwon ya kama ɗayan. Shi ne ya ƙago rubutun makafi, ya bayyana shi a 1829. Ɗigo 6 ne masu tudu, 3 hagu 3 dama, ana shafawa da yatsa. Da su ake rubuta kowane harafi da kowace lamba.

Ga maganar garinmu. Cikin ɗalibaina na aji mata akwai wata mai ɗa namiji, shekararshi 11. Baƙon dauro ya ɗauke mishi ido shina ɗan shekara 4. Kullum shina biyo ta, shi zauna gindin zana. Abin da na faɗa sau ɗaya, shi ke tuna ma uwar in sun koma gida. Shina gane amalanken kowa daga kukan ƙafarta. Ran nan ya ce ma mai injin niƙa injinshi ya sake murya, mai inji ya kore shi, kwana 2 bel ya tsinke. Yanzu uban na so, in an gama kaka, shi haɗa shi da wani tsohon makaho da ke zuwa birni bara.

Na je na iske uban bakin gona. Munka gaisa, na ba shi labarin Montal tun daga farko. Ya saurara har na gama, shina jingine da hauya. Sannan ya ce, "Mushe, fiyano nawa ke garin nan?" Na ce babu ko ɗaya, kuma na Yamai ma ba su isa su ciyar da mutum ba. Ya ce, "To. Baki 9 nike ciyarwa. Wanda ke bara shina aiko da wani abu ranar kasuwa. Wanda ke lakkol sai a aika mishi." Ban raina maganarshi ba, don ba mugun mutum ba ne, kuma na ga rumbunshi bara. Na ce, "Malam, ba fiyano nike nema mishi ba. A Yamai akwai lakkol ta yara makafi, ana koya musu rubutun ɗigo da lissafi. Yaron da ya ji ciwon inji kafin mai inji, in ya iya karatu, ba kai za ka aika mishi ba har abada. In ya riƙe ƙoƙon bara shekara 2, ba mai iya karɓe shi daga hannunshi." Ya yi shiru. Ya ce maganar ba tashi ba ce shi kaɗai, sai wanshi ya dawo daga Agadas, kuma sai hatsi ya shiga rumbu. Na ce na ji. Uwar ba ta ce komi gabanshi ba, amma da dare ta aiko mini da ƙwai 5.

Kafin nan na sa masassaƙi ya yi mini ɗan allo mai ramu 6, muna sa tsakuwa ciki. Tsakuwa 1 a ramin sama na hagu, a ke nan. A ƙara 1 ƙarƙashinta, b ke nan. Ranar farko ya rubuta baba, ya je ya sa uban ya shafa. Haruffa 10 na farko duk da ramu 4 na sama ake yin su, ya gama da su ranar Laraba. Hatsi ya fara bununi. Gobe da la'asar za mu shiga k.